Alhakin Facin Tsaro a Kan Tsohuwar Manhaja: Tarihin Windows XP

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, watau wadda sauran manhajoji ke hawa kanta kafin su yi aiki. Da yake aikin hannun ɗan Adam ce, ba ta rasa ɓaraka. In aka gano ɓarakar da masu kutse za su iya bi, sai kamfanin da ya ƙera manhajar ya aika wa jama'a da gyara, wanda ake kira faci, kamar dai facin tayar keke. Galibi kamfanin ne ke iya yin wannan faci, domin shi ke riƙe da asalin rubutun manhajar. Abin tambaya shi ne, har zuwa yaushe wannan nauyi yake wuyansa? Babu misalin da ya nuna wuyar amsar kamar tarihin Windows XP.

Kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da XP ran 25 ga Oktoba, 2001. Shekarun farko ba su yi masa daɗi ba ta fuskar tsaro, musamman 2003 da cutar Blaster ta mamaye kwamfutoci. Daga Oktoba na wannan shekara ne kamfanin ya tsayar da al'adar fitar da faci ran Talata ta biyu ta kowane wata. Ƙa'idarsa a wancan lokaci ita ce ya kula da manhaja shekara goma, sa'an nan ya janye hannunsa. To amma magajiyar XP, watau Vista, ba ta shigo kasuwa ba sai Janairu na 2007, kuma jama'a ba su karɓe ta hannu biyu ba. Saboda haka aka ƙara wa XP wa'adi har ran 8 ga Afrilu, 2014. Ko a ranar, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kwamfutocin duniya da ita suke aiki, haka kuma galibin injunan cire kuɗi na bankuna.

A nan ne al'amarin ya ɗauki wani salo. Ba a daina rubuta facin ba, sai dai an mai da shi abin sayarwa. Gwamnatin Birtaniya ta biya fam miliyan 5.5 don a ci gaba da kula da kwamfutocinta shekara guda, ba ta kuwa sabunta yarjejeniyar ba a 2015. Rundunar sojan ruwa ta Amurka ita ma ta biya wajen dala miliyan 9. Ke nan maganin yana nan a kanti, mai hali ya saya, maras hali ya zauna da ciwonsa. Hujjar kamfanin ba ta banza ba ce: ma'aikatan da ke gyaran tsohuwar manhaja albashi ake biyansu, kuma tubalin da aka gina XP da shi ba zai ɗauki irin katangar zamani ba. Amma asibitin da ya sayi na'urar ɗaukar hoton jiki wadda ba ta aiki sai da XP, ba ganganci ne ya hana shi sauyawa ba.

Ran Juma'a 12 ga Mayu, 2017, aka ga sakamakon. Wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000, tana neman fansar dala 300 kafin ta buɗe kowace. Ɓarakar da ta bi tana cikin hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayil. Hukumar leƙen asiri ta Amurka, NSA, ta daɗe da sanin ɓarakar, ta ƙera makami a kanta ta ɓoye, har aka sace shi aka watsa a intanet a Afrilu. Microsoft kuwa ya riga ya fitar da facin tun 14 ga Maris, amma ban da XP. A Ingila cutar ta taɓa kimanin sulusin hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da tiyata wajen 19,000, wasu asibitocin kuma suka riƙa juya motocin marasa lafiya zuwa wani wuri. Ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Wani matashi ɗan Birtaniya, Marcus Hutchins, shi ne ya gano makunnin da ya dakatar da yaɗuwarta. Cikin kwana guda sai ga Microsoft ya saki facin XP kyauta ga kowa. Saurin nan ya sa mutane suka ce ashe dama yana aljihu.

Duk da haka, adalci ya tilasta a faɗi abin da bincike ya nuna daga baya. Mafi yawan kwamfutocin da suka kamu ba XP ba ne, Windows 7 ce, wadda facinta ya yi wata biyu yana jiran a sa shi. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya ce matakan tsaro masu sauƙi da sun isa su kare asibitocin. Shugaban Microsoft, Brad Smith, shi kuma ya ɗora laifin a kan gwamnatocin da ke tara irin waɗannan makamai, Amurka kuwa ta zargi Koriya ta Arewa da sakin cutar. Kowa ya nuna wani da yatsa, kuma kowa yana da ɗan gaskiya. Sai dai wannan bai wanke kamfanin daga tambayar farko ba, domin shi da kansa ya sake yi wa XP faci a Mayu na 2019, da aka gano wata ɓaraka mai haɗari. Wanda ya ce ya sauke kaya, sa'an nan ya riƙa komawa yana ɗauka in gobara ta tashi, ya amsa ke nan cewa kayan nasa ne.

Zancen ya sake tasowa ran 14 ga Oktoba, 2025, da wa'adin Windows 10 ya cika, alhali miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Aka yanka wa ma'aikatu dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara. Tarayyar Turai kuwa ta daina barin al'amarin ga son ran kamfanoni. A 2024 ta zartar da doka wadda ta wajabta wa mai ƙera kayan kwamfuta ya riƙa ba da facin tsaro aƙalla shekara biyar, sai fa in kayan ba a yi su don su kai haka ba. Manyan sharuɗɗan dokar an tsara su fara aiki ne a Disamba na 2027.