Mazaunin Batir da Tsatsarsa: Tarihin Wani Gyara a Tsofaffin Motoci

Daga cikin wuraren da tsatsa ke ci a jikin tsohuwar mota, mazaunin batir, wato ɗan farantin ƙarfen da ake ɗora batir a kai a ɗaure shi, ya sha bamban da saura, domin abin da ke cinsa ba daga waje yake zuwa ba. Ƙasan ƙofofi da saman tayoyi ruwan sama da laka da gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara ne ke lalata su, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a busasshiyar ƙasa takan tsira daga wannan ɓarna. Mazaunin batir kuwa yana ruɓewa a Agadas kamar yadda yake ruɓewa a Jamus, tunda ruwan da ke cinsa a cikin motar yake, duk inda ta nufa tare suke tafiya.

Batirin dalma da asid, wanda har yau shi ne a yawancin motoci, Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, sannan Camille Faure ya kyautata yadda ake yin farantansa a 1881. Bai zama wajibi a mota ba sai bayan 1912, lokacin da kamfanin Cadillac ya fito da sitatar lantarki ta Charles Kettering, wadda ta hutar da direbobi daga murɗa inji da hannu. A cikin batirin akwai ɗakuna, kowanne yana ba da volt biyu da ɗan ɗoriya, uku a batir mai volt 6, shida a mai volt 12, kuma a kowane ɗaki farantan dalma ne a nutse cikin ruwan batir, wanda kusan sulusinsa asid ne na farar wuta. Idan batir ya cika aka ci gaba da tura masa wuta, ruwan yakan rabu zuwa iskar haidirojin da oksijin, kumfar da ke tashi kuma ta ɗebo ɗigon asid ta fito da shi ta ƙofofin shan iska da ke jikin murafen. A motocin da, wannan abu ne na yau da kullum, saboda katawut ɗin da ke daidaita wutar dainamo, mai aiki da sifirin da bakin ƙarfe, yakan sauka daga saitinsa ya bar batir yana tafasa. Kwandon batirin kansa na baƙar roba ce mai tauri wadda ake like samanta da kwalta, kwaltar kuwa zafi da jijjiga suna tsaga ta.

Tsatsa ta gama-gari tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, kuma abin da ya sa ba ta tsayawa shi ne ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi ɗaukar wuri, sai ta kumbura ta ɓanɓare ta buɗe sabon ƙarfe a ƙarƙashinta. Asid yana ƙara wa wannan sauri ta hanya biyu: yana cinye fenti da ƙarfen kai tsaye, sannan yana barin wani gishiri mai launin fari-fari ko kore-kore wanda ke riƙe danshi, ta yadda ko bayan wurin ya bushe a ido, cin yana ci gaba. Inda ya fi yin ɓarna shi ne tsakanin falle biyu na ƙarfe da aka haɗa da waldar ɗigo, wato waldar da masana'anta ke yi ta hanyar matse fallayen tsakanin bakin jan ƙarfe biyu a tura wuta, domin tsakanin nan fenti bai taɓa shiga ba, amma ruwa yana shiga.

Girman matsalar ya dogara ne ga abin da ke ƙarƙashin batirin, kuma a nan ne sauyin ƙirar mota ya yi tasiri. A zamanin da ake ɗora bodi a kan shasi mai kauri, kamar Ford Model A wadda batirinta ke ƙarƙashin daɓen gaban direba, mazaunin wani ƙarfe ne da aka ɗaure da kusoshi, in ya ruɓe a kwance a sa wani. Bayan da Citroën a 1934 da Opel a 1935 suka fito da motocin da bodinsu shi ne shasinsu, aka kuma riƙa yin bodin da fallen ƙarfen da sau da yawa bai kai kaurin milimita ɗaya ba, sai mazaunin batir ya koma wani yanki da aka yi wa walda a jikin ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar. A Volkswagen Beetle an sa batirin a ƙarƙashin kujerar baya ta ɓangaren dama, kai tsaye a kan daɓen mota, wurin da mai mota ba ya dubawa sai wuta ta ɗauke, kuma da wuya a sami tsohuwar Beetle da ba a taɓa yi wa wannan kusurwar faci ba. MGB ta Ingila tana da batir biyu masu volt 6 a bayan kujeru har zuwa 1974, a rataye kusa da feshin tayoyin baya, inda asid da ruwan gishiri suke haɗuwa. Mafi muni shi ne Porsche 914, wadda aka yi daga 1969 zuwa 1976: batirinta yana gefen dama na ɗakin inji, ruwan sama yana ratsa ragar murfin ya wanke asid ya gangara da shi kan dogon ƙarfen da ke riƙe tsawon motar da kuma wurin da aka ɗaure ƙafar baya, har ya zama cewa ɗan farantin da bai kai kuɗin taya ɗaya ba yana iya sa mota ta lanƙwashe a tsakiya.

Ba rashin sanin magani ne ya jawo haka ba. Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar lulluɓe ƙarfe da tutiya tun 1837, Thomas Coslett kuma ya yi rajistar wanke ƙarfe da asid ɗin fosfarik don hana tsatsa a 1906. Masu ƙera motoci sun yi jinkiri ne saboda tsada da wahalar yi wa ƙarfe mai tutiya walda da fenti, da kuma cewa mai sayen sabuwar mota a Amurka ko Turai ba ya riƙe ta har ta ruɓe. Wanda ya gaje ta a hannu na uku ne ke biyan kuɗin wannan sakaci. Sai a shekarun 1960 Ford ta fara tsoma bodi gaba ɗaya cikin fentin da wutar lantarki ke manna shi har cikin lunguna, Porsche ta koma bodi mai tutiya a 1975, Audi ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. A daidai wannan lokaci batirin ma ya sauya: kwandon filastik ya maye gurbin roba da kwalta, Delco ta fito da batirin da ba a ƙara masa ruwa a farkon shekarun 1970, altaneta mai madaidaicin caji ta kori dainamo. Saboda haka ruɓewar mazaunin batir cuta ce da ta fi yawa a motocin da aka ƙera tsakanin shekarun 1930 da ƙarshen shekarun 1970, wato su ne waɗanda ake kira motocin tarihi a yau.

Biyu daga motocin wannan zamani, Beetle da Peugeot (Fijo) 504, sun yi dogon zama a Nijeriya, domin a 1975 ne masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta Volkswagen ta Legas suka fara harhaɗa motoci, Fijo 504 kuma ta ci gaba da fitowa daga Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. A Arewa da Jamhuriyar Nijar ba a zuba wa titi gishiri, iska kuma busasshiya ce mafi yawan shekara, don haka bodin waɗannan motoci ya yi ƙarkon da bai yi a ƙasashen asalinsu ba. Sai dai zafi yana ƙafar da ruwan batir da sauri, abin da ke sa a yawaita buɗe murafe ana ƙari ana zubarwa, gargadar hanya kuma tana fantsamo asid, musamman idan ƙarfen da ke danne batirin ya ɓace an maye gurbinsa da tsinken tiyub. Aikin ya rabu tsakanin masu sana'a uku: mai cajin batir, wanda ke sauya asid ya gyara kawunan batir da narkakkiyar dalma, mai gyaran bodi, wanda ke yanko falle daga matacciyar mota ko ganga ya buge shi da guduma ya fitar da siffar, da mai walda, wanda ya daɗe yana dogara ga waldar kabaid, wato harshen wutar da ake samu daga iskar asitilin, wadda dutsen kabaid ke fitarwa idan an zuba masa ruwa. Kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano su ne matattarar ƙarfen da kayan gyaran. Tsatsar gishiri kuwa ta yawaita ne daga ƙarshen shekarun 1980, da shigowar motocin Kwatano waɗanda suka sha hunturun Turai.

Gyaran da aka fi yi a ko'ina a duniya, lokacin da waɗannan motoci ba su wuce tsofaffin ababan hawa masu arha ba, shi ne rufewa: a ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓen, ko katako, ko a cike ramin da fila a shafa baƙin fenti. Talauci ne ke sa a yi haka, kuma ya riƙe motoci da yawa a kan hanya, amma yana binne gishirin asid tsakanin falle biyu, inda yake ci gaba da aikinsa ba mai gani. Da motocin suka fara daraja aka sami kamfanonin da ke buga sassan bodi daidai da na asali, har British Motor Heritage ta fara fitar da cikakken bodin MGB a 1988 da injinan bugun da aka yi na farko da su, ƙa'idar aikin kuma ta koma yankewa maimakon rufewa.

Tsarin da ƙwararru suka tsaya a kai yana farawa da cire wayar da ke haɗe da jikin mota kafin ɗayar, tare da lura da cewa a motocin Ingila da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960 kan fozitif ne ke haɗe da bodi. Sannan a wanke wurin da ruwan sodar burodi, wadda dangin kanwa ce, har kumfa ta daina tashi, domin fentin da aka shafa kan asid ba ya kamawa. A kankare zuwa farin ƙarfe, a soka sukurdireba a duk inda ake shakka, a huda ɗigon waldar masana'anta ɗaya bayan ɗaya a ɗaga tsohon farantin, a duba abin da ke ƙarƙashinsa, wanda shi ne ainihin aikin. Duk ƙarfen da ya sirance ana yanke shi har a iske mai cikakken kauri, a haɗa sabon baki da baki, ba ɗaya bisa ɗaya ba, da gajerun ɗigon walda ana tsallakawa ana barin wurin ya huce don kada zafi ya karkatar da fallen, bayan an janye bututun mai da wayoyi daga kusa. Asid ɗin fosfarik, wanda ke mayar da tsatsa baƙin ɓawo mai tauri, yana da amfani ga ƙananan tabo kawai, ba ya mayar da ƙarfin ƙarfen da ya tafi. Daga nan sai fentin farko mai tutiya ko ifoksi, da danƙon toshe mahaɗa, da ramin tsiyayar ruwa, da kakin da ake fesawa cikin lungunan da buroshi ba ya kaiwa. A Beetle ana mayar da murfin saman batir, domin sifirin kujerar baya na iya taɓa kawunansa idan an zauna, ya tayar da gobara.

Da yawa daga masu waɗannan motoci a yau suna sa batirin da aka tsotse asid ɗinsa cikin tabarmar zaren gilashi aka like shi, wanda ya fara bazuwa a shekarun 1980 kuma ba ya zuba ko an kwantar da shi. Masu kai motocinsu gasar kamanni da asali, inda alkalai ke duba har siffar batir, sukan sayi kwando irin na da, baƙi mai murafe da tambarin tsohon kamfani, wanda aka ɓoye irin wannan sabon batir a cikinsa.