Gidan Harewood: wurin shaƙatawar iyalai da aka gina da kuɗin bayi

Harewood katafaren gidan sarauta ne da ke karkarar Yokshaya, 'yan kilomitoci arewa da birnin Leeds a Ingila. An fara gina shi a 1759, aka kammala a 1771, domin wani attajiri mai suna Edwin Lascelles. John Carr da Robert Adam ne suka tsara ginin, shahararren kafinta Thomas Chippendale ya ƙera kujeru da teburansa, shi kuma Lancelot Brown ya shata lambuna da tafkin da ke cikin fili mai faɗin eka kusan 1,000.

Da zarar sanyin hunturu ya fara sassautawa a watan Maris, furannin dafodil suka buɗe, sai iyalai su riƙa tururuwa zuwa wurin. Yara na guje-guje a filin wasa, iyaye na zagaya tafki, sannan a shiga ciki a ga zane-zane da tsohon ɗakin girki da ke ƙasan bene, inda barori suka yi aiki. Wata gidauniya ce ke kula da gidan yanzu, kuma sai an biya kuɗi ake shiga. Gimbiya Mary, ɗiyar Sarki George na Biyar, ta auri magajin gidan a 1922, ta kuma rasu a nan a 1965.

Dukiyar da ta ɗora waɗannan duwatsu daga Karebiyan ta fito. Mahaifin Edwin, Henry Lascelles, ya riƙe muƙamin shugaban kwastan a tsibirin Barbados. Ya yi fataucin sukari, ya ba masu gonakin rake bashi da ruwa, ya kuma zuba jari a jiragen safarar bayi. Yana cikin waɗanda suka girke jiragen ruwa a gaɓar Anomabu, a ƙasar Ghana ta yau, inda ake tsare mutanen da aka kamo kafin a ƙetara da su teku. Bashin nan shi ne ainihin tarkon: duk manomin da ya kasa biya, gonarsa da bayinsa sukan koma hannun iyalin. Ta haka suka mallaki gonaki a Barbados da Jamaika da wasu tsibirai, tare da bayi kusan 3,000.

Da majalisar dokokin Birtaniya ta soke bauta a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 na diyya. Iyayen gijin aka biya. Waɗanda aka bautar ba su ga ko kwabo ba, har ma aka tilasta musu ci gaba da aiki na wasu shekaru da sunan koyon sana'a. Mai riƙe da sarautar Harewood na biyu ya karɓi sama da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Sai a 2015 baitulmalin Birtaniya ta gama biyan bashin da ta ci domin wannan diyya, wato har jikokin bayin da ke zaune a ƙasar sun biya da harajinsu. Iyalin ba su sayar da gonakinsu na ƙarshe a Barbados ba sai a 1975.

A yi wa gidan adalci, bai ɓoye wannan tarihi ba kamar yadda takwarorinsa da dama suka daɗe suna yi. An buɗe wa masu bincike takardun cinikin iyalin. A 2023 aka kafa hoton ɗan wasan kwaikwayo David Harewood a cikin gidan. Kakanninsa bayi ne a gonar iyalin, daga nan ma suka gaji sunan. A shekarar ce kuma David Lascelles, mai riƙe da sarautar na takwas, ya shiga sahun waɗanda suka kafa ƙungiyar Heirs of Slavery, mai goyon bayan kiran a gyara ɓarnar bauta.

Sai dai hoto a bango ba diyya ba ne. Tun 2014 ƙasashen ƙungiyar Caricom suka fitar da buƙatu goma, ciki har da cikakkiyar neman gafara da yafe bashi, kuma gwamnatocin Birtaniya, na 'yan mazan jiya da na Leba, sun ce ba za su biya kuɗi ba.