Karatun Yara Lokacin Hutu

Ɗan'uwa mai karatu, tun zamanin kakanninmu, in an gama girbi, malam yakan kwashi yara daga nan Dakoro zuwa Maradi ko Kano, su yi karatun allo duk rani. Da ruwa ya sauka, sai su komo noma.

Da lakwal ta zo, babban hutunta ya faɗo cikin damina. A 1971 aka aza tushen jami'ar Yamai. A 2010 Maradi ta samu tata.

Amma yaro ɗan shekara 10, in ya yi wata 3 bai taɓa littafi ba, karatunsa yakan zube, hanyar jami'a ta yi masa nisa. Kai yanzu ka iya karatu. In kun taso daga gona, zaunar da ɗanka da ɗiyarka, ku buɗe littafi tare.