Ranar Uwa: Daga Jinyar Taifod Zuwa Girkin Kulle

Ann Reeves Jarvis ta haihu fiye da sau goma, amma 'ya'ya huɗu kaɗai suka girma. Sauran ƙyanda da taifod da mashaƙo suka kwashe su tun suna ƙanana, kamar yadda suke kwasar yaran maƙwabtanta a ƙauyukan kan tudu na yankin da ake kira Bajiniya ta Yamma a Amurka. Duk wadda ta girma a gidan da ake cewa "wannan wabi ce" ta san irin wannan ciwo. Ita dai matar ba ta tsaya ga kuka ba. A 1858 ta tara matan garuruwan Grafton da Webster da Philippi da na kewaye, suka kafa ƙungiyoyin aikin gayya na iyaye mata. Suna tara kuɗi su sayi magani, suna duba tsaftar madarar da ake ba jarirai, suna ɗaukar mace ta je ta riƙe gidan da uwar ke kwance da tarin fuka. Ɗan'uwanta James Reeves likita ne da ya san taifod ƙwarai, shi ke ba su shawara. Da yaƙin basasar ƙasar ya ɓarke a 1861, cuta ta shiga sansanonin soja, matan nan suka yi jinyar kowane ɓangare ba tare da tambayar tutar wa mutum yake bi ba.

Na fara da wannan mata ne domin kusan duk mai sa hoton mahaifiyarsa a Facebook ranar Lahadi ta biyu ga watan Mayu bai san cewa daga ɗakin jinya al'adar ta taso ba. Babu fure a cikinta a zamanin Ann, babu kati, babu zuwa otal cin abinci.

Ann ta rasu ranar 9 ga Mayu, 1905. 'Yarta Anna, wadda ba ta taɓa aure ba kuma ba ta haihu ba, ita ta ɗaura ɗamarar ganin an ware rana don tunawa da ita da sauran iyaye mata. Ranar 10 ga Mayu, 1908 aka yi taron farko a cocin Andrews da ke Grafton, inda marigayiyar ta yi shekaru tana koyar da yara. Anna ta aika da fararen furanni 500 na irin wanda ake kira kaneshan, wanda uwar tata ta fi so. A wannan yinin aka yi wani taron a Filadelfiya, a babban zauren kantin attajiri John Wanamaker. A nan ne, a ganina, aka shuka abin da ya dame ta daga baya: wanda ya nemi ɗan kasuwa ya ɗaga masa murya, to ya san kasuwa za ta biyo baya. Jihar Bajiniya ta Yamma ta amince da ranar a 1910, sannan a watan Mayun 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu ta zama ta ƙasa baki ɗaya.

Abin da Anna take nufi ƙarami ne. Ka koma gida ka gai da uwarka, in kana nesa ka zauna ka rubuta mata wasiƙa da hannunka. Ba a yi shekara goma ba masu sayar da fure suka fara ninka farashi idan Mayu ya kama, masu buga kati suka rubuta wa kowa gaisuwar da zai sa wa hannu kawai, masu alawa suka fito da akwatuna na musamman. Ran matar ya ɓaci, ta shiga faɗa da abin da ta haifa. A 1923 ta kutsa taron masu yin alawa a Filadelfiya ba da gayyata ba. A 1925 'yan sanda suka kama ta da laifin tayar da hayaniya a taron wata ƙungiyar iyayen sojoji da ke sayar da furen don tara kuɗi. Ana ba da labarin cewa wata rana ta ga an rubuta "salak ɗin Ranar Uwa" a jerin abincin wani wurin shan shayi, ta ce a kawo mata, ta kife shi a ƙasa, ta biya kuɗinsa ta fita. Gadon da aka bar mata ya ƙare a shari'o'i da buga takardu. A shekarun 1940 har sa hannun jama'a ta bi tana nema don a soke ranar. Ta rasu a 1948 a wani gidan jinya a jihar Fensilbaniya, ba ta gani sosai, ba ta da ko sisi.

Ba ta ci nasara ba. Ƙungiyar masu gidajen abinci ta Amurka ta daɗe tana cewa babu ranar da suke cika kamar wannan Lahadi, kuma ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ta ƙiyasta abin da za a kashe a ta 2019 da dala biliyan 25. Hujjar fitar ma mai ma'ana ce, ban raina ta ba: mace ta yi shekara tana tsaye gaban murhu, bari yau wani ya dafa, wani ya wanke kwano. Sai dai a lura, wanin da zai dafa ɗin ba ɗanta ba ne, ba mijinta ba ne, ma'aikacin otal ne da aka biya.

Ingila tata hanyar daban ce, kuma ta girmi ta Amurka. Can ana yi ne a Lahadi ta huɗu cikin azumin Kiristoci, shi ya sa ta kan faɗo mafi yawa a watan Maris. A da, yaran da ke aikatau a gidajen masu kuɗi ana sallamarsu a wannan rana su je cocin garinsu su ga iyayensu, yarinya ta riƙo wani kek mai busassun 'ya'yan itace da ake kira siminel. Al'adar ta kusa bacewa, sai wata mata, Constance Penswick Smith, ta karanta labarin Anna Jarvis a jarida a 1913 ta farfaɗo da ita. Wannan ce cocin Anglika ya kawo Nijeriya, ita ce kake ganin mata sun yi anko suna jagorantar sujada a Sabon Gari. Masar kuwa ɗan jarida Mustafa Amin ne ya tallata ta, aka fara a 1956, aka zaɓi 21 ga Maris, ƙasashen Larabawa da dama suka bi. Saboda haka ɗan Nijeriya mai waya a hannu yakan ga ana taya uwa murna sau biyu ko uku a shekara, ya rasa wadda zai bi.

Sai 2020 ta zo da annobar korona. A Ingila ranar ta faɗo 22 ga Maris. Kwana biyu kafin nan gwamnati ta umarci mashaya da gidajen abinci su rufe, daga baya Firayim Minista Boris Johnson ya roƙi jama'a kada su ziyarci iyayensu mata, su kira su a waya. Washegarin Ranar Uwa aka sanar da kulle ƙasa. A Amurka ta faɗo 10 ga Mayu, lokacin korona ta kashe mutum kusan 80,000 a can, da yawansu tsofaffi a gidajen kula da su. Ranar da aka ƙirƙira don a je gida sai ga shi zuwan ne haɗari. Mutane suka nemi dabara. Wasu suka jera motoci suna wucewa ta ƙofar gidan tsohuwa suna danna ham. Wasu suka tsaya bayan taga suna ɗaga jikoki. Inda aka sassauta, iyalai suka shimfiɗa tabarma a lambu ko bakin tafki, kowane gida da nasa kwanon, da tazara a tsakani. Fulawa da yis suka yi wuyar samu a kantuna saboda masu gwada gashin burodi a gida.

Marubuta da dama sun ce annobar ta mayar da ranar yadda Anna take so, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ni na fi ganin uwarta Ann a wannan shekara: matan da suka kwana a asibiti da takunkumi a fuska, da waɗanda suka ajiye wa maƙwabciya kwanon abinci a bakin ƙofa suka ja da baya. Akwai kuma tambayar da hotunan teburi ba sa amsawa, wato wa ya dafa. An rufe makarantu, yara suna gida, kuma a gidaje da yawa aikin da ya ƙaru a kan uwar ya sauka. Girkin gida kyauta ne idan wani ya yi mata shi. Idan ita ta yi, ƙarin aiki ne aka ɗaura wa ado.

Mu a Kano wannan 10 ga Mayun ta same mu cikin azumi, cikin kulle, ga yawan jana'izar dattawa da ta tsorata gari tun watan Afrilu. Gidanmu ba ma yin Ranar Uwa. Malamai da dama suna ganin baƙuwar al'ada ce, mahaifiyata kuma in an ambata sai ta ce ita ba ta san uwar da ake tunawa sau ɗaya a shekara ba. Namu tsarin na kullum ne: gaisuwar safe, kwanon da ake aika wa tsohuwa daga gidan kowane ɗa, kayan shan ruwa idan azumi ya kama, turmin atamfa da salla. Abin da kulle ya yanke mana ke nan. Ni ina wata unguwa, ita tana cikin birni, tsakaninmu shingen jami'an tsaro. Litinin da Alhamis ne aka ba da 'yan sa'o'i a fita cefane, a nan nake samun in kai mata gero da tsamiya da ƙosai, in tsaya daga soro in gaishe ta.

Ƙanena ne kaɗai a gidan tare da ita, ɗalibin jami'a da aka koro gida saboda kulle, wanda ko ruwan zafi bai saba dafawa ba. Yarinyar da ke taya ta aiki ta tafi ƙauye kafin a rufe hanya. Shi da ya ga abokansa suna ta sa hotuna a wannan Lahadi, sai ya ce, "Hajiya, yau ki huta, ni zan yi abin buɗa-baki." Ta ce, "To Auta, Allah ya sa mu ga alheri." Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna bakin madafa tana ba da umarni: jiƙa tsamiyar, kada ka zuba gasarar sai ruwan ya tafasa, rage kanwar nan. Kunun ya yi gudaji, ɗan waken ya yi tauri, ta ci ta sa masa albarka. Da na kira bayan isha'i na ce ashe yau an huta, sai ta ce wane hutu, bakinta har ya gaji.

Amma bai daina ba. Kafin salla ta zo ranar 24 ga Mayu, wadda aka yi ba hawan sarki, shi ke yin miyar kuka da tuwon sahur, kuma har yau idan ya je gida da matarsa shi ke dama wa Hajiya kunu, don ta ce nasa ya fi kauri.