Numfashin da Ke Gaban Sarki: Tarihin Kakaki da Mabusansa a Birnin Kano

Duk wanda ya taso a cikin ganuwar Kano ya san kunne ke riga ido ganin sarki. Ranar Sallah, tun kafin laima ta ɓullo daga wajen filin Idi na Ƙofar Mata, tun kafin a hango jajayen rigunan dogarai, wata murya mai kauri takan keto ƙura ta isa kunnen jama'a. Da jin ta kowa sai ya miƙe, uwa ta ɗaga ɗanta, dattijo ya gyara tsayuwa. Muryar kakaki ke nan. Fiye da shekara ɗari biyar tana wannan aiki a birnin, kuma kowace busa daga ƙirjin wani mutum take fitowa.

Kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce a zamanin Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, aka fara busa dogayen ƙahoni a garin. Amma kakaki da sunansa sai a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. Kundin ya lissafa shi cikin sababbin abubuwan da Rumfa ya kawo, tare da gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, da kafa Kasuwar Kurmi, da faɗaɗa ganuwa, da figini, da takalman gashin jimina. Wanda ya dubi wannan jeri zai gane nufin Rumfa. Sarauta yake so ta zama abin da ake gani daga nesa, ake kuma ji daga nesa. Figini da gashin jimina na ido ne, kakaki na kunne.

Zamanin Rumfa zamani ne da Kano ta buɗe ƙofofinta ga arewa. Ayarin raƙuma na shigowa da gishiri da tagulla da littattafai, kuma a lokacin ne Shehu Maghili ya sauka a birnin ya rubuta wa sarkin nasiha kan mulki. Dogon ƙahon ƙarfe irin wannan yana da 'yan'uwa a waɗancan hanyoyi, kamar nafir na Larabawa da ake busawa a Maroko. Da ya zauna a ƙasar Hausa sai ya yi gaba: Zazzau, Katsina, Damagaram, Nufe, Ilori, Borgu, har fadojin arewacin Kamaru. Yarabawa ma da sunansa na Hausa suka san shi.

Ƙirarsa ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Bututun ƙarfe ne siriri wanda tsawonsa kan wuce kamu huɗu, an yi shi gaɓa biyu da ake haɗawa a raba, bakinsa na gaba a buɗe kamar mazurari. A da da tagulla ake ƙera shi, daga baya maƙeran fari suka riƙa yin sa da gwangwani. Ba shi da ramukan yatsa irin na algaita ko sarewa. Sauti biyu ne jarinsa, na ƙasa da na sama. A nan gwaninta take. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko ta hau ko ta sauka, ko ta yi tsawo ko ta gajarta. Da waɗannan sautuka biyu gwanin mabushi ke furta taken sarki, ya kira shi da kirarin kakanninsa, ya shaida wa gari cewa ya fito. Baƙo amo kawai zai ji. Ɗan gari magana yake ji.

Aikin ba na rago ba ne. Ana son ƙirji mai ɗaukar iska, da leɓen da ya jure, da damtsen da zai ɗaga dogon ƙarfe sama ya riƙe shi bai karkace ba, sau da yawa a bayan doki, cikin rana da ƙura da harbin 'yan bindiga. Ana kuma son kunne, domin ba a cika busa kakaki shi kaɗai ba. Mabusa kan jeru su ɗaga tare su sauke tare, farai da ƙaho na amsa musu, algaita na ratsawa, ganguna na riƙe da tafiya. Mutum ɗaya ya yi jinkirin numfashi, take ya rushe.

Galibi gado ne. Yaro kan fara da bin mahaifinsa fada, yana ɗaukar masa kaya yana goge ƙarfe. Kafin a bar shi ya sa baki, taken sarakuna ya riga ya zauna masa a ka. Idan ya ƙware ya shiga sahu, a ƙarƙashin shugabannin sana'ar masu riƙe da sarautu irin su Sarkin Busa da Sarkin Kakaki. Abincinsa da suturarsa da dokinsa suna wuyan fada, shi kuma numfashinsa na sarki ne. Ba kowane mai rawani ake busa wa kakaki ba, kuma a al'ada ba a kai shi gidan biki don neman kuɗi. Lokutansa sanannu ne: daren Juma'a a ƙofar fada, fitar sarki, naɗi, tarbar babban baƙo, hawan Sallah, a da kuma har da fita yaƙi.

Kundin ya ba da hoton ƙasaitar abin a zamanin Kutumbi, wanda ya hau gado a 1623 ya yi mulki zuwa 1648. Ya ce idan sarkin zai fita yaƙi ko Sallah, dawakin zage ɗari ke tare da shi, da ganguna arba'in, da kakaki ashirin da biyar, da tambura hamsin. An ƙirga kakakin. Mutum ashirin da biyar ɗin da suka busa su kuwa, lissafin bai kira sunansu ba.

A wannan shekara ta 1623 ɗin, can a Turai, Sarki Ferdinand na Biyu ya ba mabusan ƙahon fadojin Jamus takardar gata, wadda ta keɓe busa ga hidimar sarakuna ta kuma tsara yadda za a koye ta. Ke nan a lokacin mabushin Kano da na Jamus matsayinsu ɗaya, kuma ƙahon kowannensu ba shi da maɓalli. Daga baya hanya ta rabu. A 1796 Joseph Haydn ya rubuta wa Anton Weidinger kiɗa na musamman don ƙahonsa mai maɓallai. Bayan kimanin shekara ashirin aka ƙirƙiro maɓallan da ake amfani da su yau, ƙaho ya bar ƙofar fada ya shiga zauren kallo. Maurice André na Faransa, wanda aka haifa a 1933 ya rasu a 2012, ya yi aikin haƙar kwal yana saurayi, ya kuma bar faifai sama da 300 ɗauke da sunansa. Ƙahon Turai ya sami sautuka da yawa ya rabu da sarki. Kakaki ya tsaya kan biyunsa ya riƙe maganarsa.

Riƙon bai zo da sauƙi ba. Malaman jihadi sun soki shagaltuwar sarakunan Haɓe da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ambaci haka a Kitabul Farƙi, ko da yake ya yarda da ganga don tara runduna da makamantan haka. Kano ta shiga hannun jama'ar Shehu a 1807. Amma daga zamanin Ibrahim Dabo, 1819 zuwa 1846, aka maido da tsare-tsaren fadar Rumfa da dama, kakaki ya ci gaba da kiran sababbin sarakuna a tsohuwar ƙofa.

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka shiga Kano, da begilarsu. Begila ta zama ta bariki, kakaki ya zauna a fada. Turawan ma da shi suka riƙa tarbar manyansu, kamar a hawan dabar da aka yi wa Yariman Wales a 1925, shekarar da jiragen sama suka fara sauka a Kano. A shekarun 1950 matafiyan da suka yada zango a filin jirgin saman Kano sun riƙa komawa gida da hoton wani mutum a kan raƙumi, yana busa kakaki don sanar da saukar jirgi.

Na'urar ɗaukar murya ta riski kakaki a makare. David Ames ya naɗi kiɗan Hausa a farkon shekarun 1960, akasari a ƙasar Zazzau, aka fitar da faifai biyu a jerin UNESCO. A 1971 shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, a 1982 kuma K. A. Gourlay ya yi nazari kan dogayen ƙahonin Arewa. Gidajen rediyo da talabijin sun ɗauki hawa bayan hawa a tsawon mulkin Ado Bayero, daga 1963 zuwa 2014. Kalmar kanta ta fita daga fada: mai magana da yawun hukuma kakaki ne, shugaban majalisa ma Kakakin Majalisa ake ce masa. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa.

Yau dubban wayoyi ake ɗagawa a Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, kowacce na ɗaukar busa. Abin da ya rage shi ne a ɗauki mabushin. Kunne ya girmi kaka, amma sai in an zauna an saurara. Akwai Gidan Makama daura da fada, akwai Jami'ar Bayero da masananta. A zauna da dattawan mabusa, a naɗi kowane take shi kaɗai, a rubuta kalmomin da yake faɗa da sarkin da aka yi wa shi, a rubuta wanda ya busa da wanda ya koya masa. Idan hawa ya watse a Ƙofar Kudu, za ka ga wani mutum ya sauko daga doki, leɓensa a kumbure, yana raba kakakinsa gida biyu. Tun zamanin Rumfa mabusa irinsa ke kiran sunayen sarakuna. A matsa kusa a gaishe shi, a tambayi nasa.