Ɗalibin zane da sunansa ya ɓata a jirgin Kyaftin Cook

1/ A manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa akwai wani aiki: malamin zane. Ranar da jirgi bai tsaya a gaɓa ba, sai ya tara fasinjoji ya koya musu fentin ruwa. Da yawansu ba albashi, ɗaki da abinci ne ladan. Amma fa zane a cikin jirgi ya daɗe. Ku biyo ni 🧵

2/ Agusta 1768, jirgin Endeavour ya bar Plymouth ta Ingila ƙarƙashin James Cook. Babu kyamara a duniya lokacin, don haka attajirin masanin tsirrai Joseph Banks ya ɗauko masu zane biyu: Sydney Parkinson da Alexander Buchan.

3/ Suna isa tsibirin Tahiti a Afrilun 1769, farfaɗiya ta kashe Buchan. Kaya ya koma kan Parkinson, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

4/ Aikin ba wasa. Jirgi na tangaɗi, ɗaki ƙunci, ganye kuma na yaushi kafin ka gama zana shi. A Tahiti ƙudaje ne ke cinye fenti daga takarda yana shafawa, sai da aka rufa masa gidan sauro. Da suka tsinko tsirrai a Ostireliya a 1770, zane 94 ya yi cikin kwana 14. Ku lissafa da kanku.

5/ To ga inda labarin ya fi daɗi. Tupaia, malamin addinin gargajiya daga tsibirin Ra'iatea, gwanin tuƙi da taurari, ya shiga jirgin a Yulin 1769. Ya ga Turawa na wasa da buroshi da fenti, shi ma ya zauna ya koya.

6/ Ya zana mawaƙa, ya zana mai jagorantar makoki a Tahiti. A New Zealand ya zana Banks yana musayar ƙyalle da wani Bamaori mai riƙe da ƙaton jatan lande, kowa ya riƙe nasa gam. A ganina wannan zanen ya fi na ƙwararrun faɗin gaskiya: ba wanda ya yarda da wani.

7/ Dukansu biyu ba su ga Ingila ba. Cuta ta kama jirgin a Batavia, Jakarta ta yau. Tupaia ya rasu a ƙarshen 1770, Parkinson ya bi shi a Janairun 1771, atini ne ajalinsa, aka sa gawarsa a teku.

8/ Zanen Tupaia kuwa ya shige cikin takardun Banks ba suna. Har wasu masana suka zaci Banks ɗin ne ya yi su! Sai a 1997 masanin tarihi Harold Carter ya fito da wata wasiƙar Banks ta 1812, inda ya ambaci cewa Tupaia ya koyi zane, har ya zana shi yana wannan cinikin.

9/ Shekara sama da 200 ke nan kafin a mayar masa da sunansa. Zanukan suna ɗakin karatu na British Library a Landan.