Matashi mai naƙasar fahimta: wa ke da ikon yanke masa shawara?

Naƙasar fahimta larura ce da ke bayyana tun ƙuruciya, mai sa mutum jinkirin koyo da wahalar tafiyar da harkokin yau da kullum, kamar lissafin kuɗi ko zuwa kasuwa shi kaɗai. Ba taɓin hankali ba ce, ko da yake a unguwa akan haɗa su a kira su da suna ɗaya. Cikin abubuwan da ke jawo ta akwai larurar Down, ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki, doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, da sanƙarau. Galibin masu ita larurarsu mai sauƙi ce: suna iya koyon sana'a, su yi ciniki, su riƙe ɗaki.

Sai yaro ya girma ake shiga ruɗani. Yana son waya tasa, yana son riƙe kuɗin da ya samu, wataƙila yana maganar aure. Iyaye kuwa tsoro suke ji, kuma tsoron yana da dalili, domin irin waɗannan matasa, musamman 'yan mata, su ne macuta suka fi samu da sauƙi. Sai dai tsaron da ya wuce kima shi ma yana da illa. Budurwar da ba a taɓa aikenta shago ba, ranar da uwarta ta kwanta ciwo ba ta san farashin sabulu ba.

A dokar farar hula ta Faransa ta 1804, wadda ƙasashe irin su Kamaru da Chadi suka gada, kotu kan haramta wa irin wannan mutum sa hannu a kan komai, ta naɗa masa mai kula. Ita kanta Faransa ta sauya hanya. Dokar 5 ga Maris 2007 ta gyara tsarin tutelle, inda wakili ke aiki a madadin mutum, da na curatelle, inda mutum ke yi da kansa wani na dafa masa a manyan al'amura. A Maris 2019 aka mayar wa waɗanda ke ƙarƙashin tutelle 'yancin kaɗa ƙuri'a, aka kuma ba su damar yin aure ba tare da neman izinin alƙali ba. Peru a 2018 da Kolombiya a 2019 sun ma fi haka nisa, inda suka soke haramcin da ake ɗora wa mutum saboda naƙasa.

Tushen wannan sauyi shi ne Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa, wadda aka zartar ranar 13 ga Disamba 2006. Sashe na 12 ya tanadi a taimaka wa mutum ya yanke shawararsa maimakon a yanke masa, na 19 kuma ya ba shi zaɓin inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Nijar ta amince da ita a 2008, Sudan a 2009, Najeriya a 2010, Gana a 2012, Chadi a 2019.

A gidajen Hausawa dai ba kasafai maganar ke kaiwa kotu ba. Uba ko wa ko kawu ne ke riƙe komai, sau da yawa bisa hukuncin hajru na fiƙihu, wanda ya ba waliyyi damar riƙe dukiyar wanda bai iya sarrafa ta ba. Abin da akan manta shi ne dukiyar ta mai ita ce, amana ce a hannun waliyyi. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, da ke magana kan marayu, ta yi umarni a riƙa jarraba su, a miƙa musu dukiyarsu idan an ga shiriya.

Jarrabawar kan fara da ƙananan abubuwa: a ba shi kuɗin cefane ya kawo canji, a bar shi ya hau babur zuwa wurin koyon sana'a, a tambaye shi kafin a amsa wa baƙo a madadinsa. Manyan kuma, wato gidan da zai koma, da wanda zai riƙe masa rabonsa na gado, gara a zauna a kansu tun iyaye na raye, shi ma yana wurin, a rubuta da shaidu. A ƙasashen da ke da ingantaccen kiwon lafiya masu larurar Down yanzu kan kai kusan shekara 60, don haka da yawansu za su rayu bayan iyayensu, riƙon kuma ya koma hannun yayye da ƙanne.